Ɗinkin Wuyan Barewa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Babanmu, wanda direba ne, ya dawo daga lodi da barewa a bayan mota. Maharba ne suka ba shi ita a hanyar Ningi da sauran numfashinta, shi kuma ya yi bismillah ya yanka nan take. Ya ce nama na gida ne, amma kan, da ƙahoninsa masu kyau, a bangon falo zai zauna. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin an hana tukunya kai an ba bango ba.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, kuma ɗinkin hula nake yi. Ko in ce nake yi a da. Ana tsakiyar kamfen na ɗauki huluna zan kai kasuwar Tarauni, sai ayarin 'yan siyasa ya rutsa da ni, samari suna karta wuƙaƙe a kwalta. Ba wanda ya taɓa ni. Na dai faɗa kwata, wata mai awara ta ciro ni. Amma tun ranar hannuna yake rawa, zare ya ƙi shiga allura. Hular da na fara wa Baba tana cikin kwalla da rabin aiki. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Maƙwabcinmu a Gyadi-Gyadi wani dattijo ne Kirista, Baban Filato muke ce masa. Ya yi aikin gandun daji, ya iya gyaran kan dabba har ka rantse da ranta. Shi aka kira. Ya zauna a tsakar gida, ya shimfiɗa tsofaffin fastocin 'yan takara, ya ɗora kan. Da ya juya shi ya ga wuyan, sai ya riƙe baki.

"Alhaji, wannan yanka ne ko faɗa kuka yi da ita? Daga kunne zuwa kunne!"

"To mushe kake so in kawo wa iyalina?" in ji Baba.

"Ni da fata nake aiki, kai ka raba min ita biyu."

Suka yi ta dariya. Ni ina bakin ɗaki ina leƙe. Baban Filato ya tsaga fatar ta ƙeya zuwa gindin ƙahoni, yana feɗewa da reza a hankali. Da ya zo ido sai ya sa yatsa ta ciki yana lalube, don kada ya yanke gashin ido. Kunnuwa kuwa da ƙotar cokali ya juya su kamar safa. Ban san lokacin da na matso na riƙe masa kwanon gishiri ba.

Fatar ta yi kwanaki a gidansa cikin gishiri da alif. Ranar da ya dawo da ita ya ce saura ɗinke yankan, kuma idonsa ba ya ganin ɗinki ƙanana yanzu.

"'Yata, an ce ke ce gwanar allura a layin nan."

Na miƙa masa hannuna ya gani da kansa. Yana karkarwa.

Ya zura zaren da ƙyar, ya jawo turmi ya kife. "Ɗora tsintsiyar hannunki a nan. Ta ciki za ki ɗinka, gashi zai rufe. Barewa ba za ta kai ƙara ba."

Ɗinkin farko ya karkace, na soke yatsana har ya yi jini. Fatar tana da sanyi da tauri, ba kamar yadi ba, dole sai na danna da ƙarfi. To wannan dannawar ce ta hana hannun rawa. Na bi yankan a sannu, Inna tana daka a wani turmin a bayana, rediyo yana ta maganar sabbin kwamishinoni. Da na ɗaure zaren ƙarshe har an kira la'asar.

Baban Filato ya juya fatar, ya shafa gashin da tafinsa, ya nemi wurin ɗinkin bai samu ba sai da ya kai ga farkon.

"Nan kin yi tuƙin Alhaji," ya ce. "Sauran kuwa lafiya lau."

Yanzu kan yana falo da idanun gilashi. Baƙi ƙahoni suke yabawa, ni kuwa ƙarƙashin wuya nake kallo. Har yanzu ban iya zuwa Tarauni ni kaɗai ba, sai Inna ta raka ni. Amma na ciro hular nan daga kwalla, na kife turmi a gabana, na ƙarasa ta. Da ita Baba ya je Juma'a.