Radiyon Goggo Lantana

Goggo Lantana ƙanwar babana ce, kuma ita ta rene ni a Garhanga. Duk wanda ya san ta zai gaya maka taurin kanta. Ni da na ci tuwonta na fi kowa sani, don ni ta fi wahalarwa.

Tana amarya ta shiga aikin duwatsu na furoje, wato shirin raya karkara, lokacin da mata ke jera dutse kan tudu don tare ruwa. Dutsen da mata biyu ke kamawa, ita kaɗai take rungume shi a ƙirji ta hau da shi. Har ta tsufa, in munka bi ta gefen gandarin da anka dasa kan tudun nan sai ta nuna itatuwa da haɓa ta ce, "Ƙirjina ya tsai da su." Da aikin ya ƙare ta koma dama fura a bakin kasuwa. Ƙwaryarta fes, ludayinta fes, direbobin Keita ba su wuce ta. Ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, kuma ba ta son a ji sunanta a bakin mutane.

Bara bayan girbi tari ya kama ta. Ta ce ƙirjinta ne ya buɗe saboda tsohon ɗaukar dutse, ta sami zane ta ɗaure shi tamau kamar dami. Tari bai bari ba. Ta rame, zanen ya riƙa zagaye ta sau biyu. Ran da na ga jini a bakin gyalenta na ce wallahi yau sai likita, ko da jan ta zan yi.

Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, ya sa abin aune-aunensa a bayanta, ya saurara, ya ɓata fuska. Ya ce mini, "Fa'iza, ki kai ta Tawa a yi mata radiyo, kada ki daɗe." Goggo na zaune tana ji. Sai da munka fito ta ce, "Ba ni zuwa."

Haba! Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na turo mata liman, ta ba shi fura ya sha ya tafi. Ɗanta Surajo ya bugo waya daga Abijan yana ta ihu, ta miƙo mini wayar ta ce kunnenta na ciwo. In na ce, "Goggo, don me?" sai ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba." Sau biyu ina kama mata wuri a mota, tana shigewa ɗaki ta sa sakata. Raina ya ɓaci har na yi kwanaki ban gaishe ta ba, ina jin tarinta ta bayan katanga ina cizon yatsa.

Haka sanyi ya wuce, zafi ya wuce. Sai da damina ta faɗi, ranar da ta kasa ɗaga taɓarya, ta kira ni. Ta ce, "Ɗiyata, mu tafi. Abin da za su faɗa su faɗa." Ban tsaya tambayar su wa ba, na ruga neman mota.

A Tawa anka tsai da ita gaban wani faranti, anka ce ta ja numfashi ta riƙe. Shi ke nan, an gama. Lokotoro ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske, ya nuna mini inda ya kamata ya yi baƙi ya yi fari fat, gefe guda duka. Ya ce tarin fuka ne, akwai magani, amma huhun nan ɗaya ya riga ya tafi. Ya dube ni ya ce, "Ina kunka tsaya tun bara?" 

Muna zaune a inuwa muna jiran magani, Goggo ta jawo hannuna, ta rage murya.

"To, yaushe za su faɗa? Da safe ko da marece?"

"Su faɗi me, Goggo?"

"Sunana mana, a radiyon. In da hali ki roƙe su su ce wata mata daga Keita, kada su ce mai fura. Kowa na da akwatin radiyo a Garhanga."

Na dube ta, na dubi hoton da ke cinyata cikin ambulan. Na ce, "Goggo, wannan hoton shi ne radiyon. Ba mai faɗin komai."

Ta ja numfashi da ƙyar. Can ta ce, "Hoto kawai?"

Na ce hoto kawai.

Ta ce, "Ai da na zo tun bara."