Yatsa a Wuyan Tulu

A Dakoro, lokacin sanyi, Kaka Hasana uwar babana takan hura wuta da karan gero bayan sallar isha, mu kewaye ta. Ni nakan zauna nesa kaɗan, ina tsoron tartsatsi ya kama mini riga. Takan tsokane ni, wai ta auri miji mai tsoron wuta, wa zai dafa mata shayi? Sannan ta gyara zama, ta ce tatsuniya ta iso, mu ba ta wuri.

Akwai wadda ta ba mu sau ɗaya tak, babu gizo a ciki, babu dariya. Wata maginiyar tukwane ce can wajen Ɗan Gulbi, tana da ɗiya ƙarama. Duk tulun da ta gina, kafin ya bushe, sai yarinyar ta lallaɓo ta danna ɗan yatsanta a wuyansa. Uwar ta yi faɗa, ta jiƙa hannu ta shafe. Da damina zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Mata suka zo gaisuwa, suka ce ta yi haƙuri, kuka ba shi da kyau ga mamaci. Ba ta yi kuka ba. Amma daga ranar, duk tulun da ta gina sai ta danna ƙaramin yatsanta a wuyansa, ta bar shi ya shiga wuta haka. Masu saye suna cewa aibi ne, wasu su ajiye su wuce. Ba ta taɓa yi musu bayani ba.

Na kasa daurewa, na tambayi Kaka ko wannan ba jayayya da hukuncin Allah ba ne. Ta daɗe tana tura kara cikin wuta. Can ta ce, "Maigidana, bakinta ya ce Alhamdu lillahi, kuma har zuci. Hannu ne bai iya magana ba. Mi kake so shi yi?"

Yanzu ni tela ne. Bara Allah ya karɓi ɗiyata Rakiya, wadda take wuni ƙarƙashin kekena tana tsintar ƙyalle, tana yi wa 'yar tsanarta zane. Na yi shiru yadda ake so namiji ya yi. Sai na tarar hannuna yana ɗinke ɗan ƙyalle cikin kalmasar kowace riga, inda ba a gani. Na tuna maginiyar, na gane ta, amma hankalina bai kwanta ba. Kullum ina tambayar kaina, ko cin amanar masu kaya ne, ko rashin tawakkali?

Daga ƙarshe na je wurin limamin unguwarmu, na faɗa masa duka. Ya juya bakin rigarsa, wadda ni na ɗinka masa da salla, ya lalubo ƙyallen. Ya shafa shi da yatsa. Ya tambaye ni sunan yarinyar, ya yi mata addu'a.

Na zauna ina jira ya ce in daina. Bai ce ba.