Tagullar da Tassiou Ya Sayar

Tassiou mutumin Maraɗi ne. Sana'arsa a Greensboro ta ƙasar Amurka sayen tsofaffin motoci a gwanjo, ya gyara su a ɗan garejinsa da ke bayan High Point Road, ya tura Kwatano.

A shekarar 2007 ya sayi wata Toyota da aka ja daga bakin titi. Yana share but ɗin motar, sai ya ga wani abu naɗe da ƙyalle a ƙarƙashin taya. Mutum-mutumin Buddha ne na tagulla, a zaune ya tanƙwashe ƙafa, tsufa ya mayar da shi kore.

"Gunki ne," in ji Maazou, abokin aikinsa. "A nan muke salla fa."

Tassiou bai yi musu ba. Ya haɗa shi da matattun lagireto, ya kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, aka ɗora a sikeli.

Bayan 'yan makonni wani dattijo ɗan ƙasar Laos mai suna Khamphet ya zo tare da 'yarsa, ita ke yi masa tafinta. Motar tasa ce, yana kwance asibiti aka ja ta. Ba motar ya biyo ba, tagullar nan yake nema.

'Yar ta ce kakan kakansa ne ya karɓo tagullar a wani tsohon wurin ibada da ke kan dutse a ƙasarsu, inda mutanensu ke zuwa ziyara a ƙafa. Da yaƙi ya kore su, mahaifiyarsa ta ɗaure ta a cikinta ta haye kogi. So yake ya mayar da ita can kafin ya mutu, shi ya sa ya saka ta a motar, zai kai a yi mata akwati.

Tassiou ya ce, "Baba, na sayar da ita."

Ya ɗauke su a mota zuwa wurin masu ƙarafan. Aka ce an riga an kwashe kayan zuwa narkarwa. Dattijon ya daɗe yana kallon tulin ƙarfe, sannan ya gode wa Tassiou da ya kawo su.

Godiyar nan ce ta fi damun Tassiou. Ya mayar masa da motar, duk sanda ta lalace kuma ya gyara kyauta. Ba su sake tayar da zancen ba. Khamphet bai yi tafiyar ba, ya rasu a 2009 a gidan 'yarsa da ke Pleasant Garden. Tassiou ya je ta'aziyya, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga.