Tarar Makara a Katabu

Tas! Farantin tangaran ne ya suɓuce wa autata. Dokar gidanmu, wanda ya fasa a cire ɗari biyu daga asusunsa.

Mun tashi da asuba don taron zumuncin danginmu a Katabu, amma shara da rarrashi suka cinye lokacin. Daga Unguwar Shanu na hau keke zuwa Kawo. Tasha ta cika maƙil, ga ƙamshin waina, ga 'yan kamasho suna jan jakata kamar tasu. Kuɗin mota ya ƙaru, na biya ina ta murna, wata uku rabona da 'yan uwa.

A motar na tarar da goggona mai sayar da ƙosai. Kullum sai ta makara, don sai ta sauke kasko. Tarar makara a taronmu dubu ɗaya ce, ribarta ta yini. Ta ce, "'Yar nan, yau sallama zan yi musu, in bar taron." Har muka wuce masu rake a bakin titi ina ta juya maganarta a raina.

Muna isa sai ga matar yayanmu, babbar ma'aikaciya, ita ma a makare kamar mu. Ta miƙa dubu biyu tana dariya: "Ku riƙe har ta watan gobe!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ko kaffarar rantsuwa, mai hali ciyarwa yake yi, marar hali ya yi azumi. Me zai hana tara ta bi ƙarfin mutum?

Wuri ya kaure. Wata ta ce laifi ɗaya, hukunci ɗaya. Wata ta ce wa zai leƙa lalitar wani? Matar yaya ta ce, "Wato ni za ku yanka ke nan?" Aka bushe da dariya. Daga ƙarshe aka tsaya a kan rabin abin da kowa ke zubawa duk wata. Tarar goggo ta koma ɗari biyu da hamsin, ta matar yaya dubu biyar. Ta cika tana rantsuwar gaba ita za ta buɗe ƙofa. Goggo ta zauna, ta ja kwanon dambu. Alhamdu lillahi!

Na dawo da la'asar, na gane hukuncin da bai taɓa mai shi ba bai zama hukunci ba. Ina ba da labari, auta ta rungumo asusunta.

"Umma, to in Abba ne ya fasa, faranti nawa zai saya?"