Ranar da Shugaban Majalisa Ya Tashi Daga Kujerarsa

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, akwai makonni uku da na san ba zan taɓa mantawa da su ba, wato daga ranar da gwamnati ta sanar da sababbin 'yan majalisar gudanarwar kwalejinmu zuwa ranar da na tsaya a gabansu.

A lokacin ina da shari'a a kaina. Takardun jarrabawar aji guda sun ɓace daga ofishina kafin in gama dubawa. Kwamitin bincike ya zauna, ya rubuta rahoto, amma hukuncin ƙarshe na majalisar gudanarwa ne: ko gargaɗi, ko kora. Sai kuma gwamnati ta rushe majalisar kafin ta zauna a kan batun. Fiye da shekara fayil ɗina yana ajiye a ofishin rajistara, ni kuma kullum ina addu'ar a naɗa sabuwa in san matsayina.

Wata Talata da hantsi ina zaure ina shirin fita, na ji ana karanto sunayen a rediyo. Da aka faɗi sunan shugaba, sai da na zauna. Wani Alhaji ne na unguwar Kwarbai, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, masallacin Juma'armu ɗaya. Shekara huɗu kafin nan na kama 'yarsa da satar amsa. Da kansa ya tako har zauren nan, ya zauna a kan tabarma, dattijo da furfurarsa, ya roƙe ni in janye rahoton. Na ba shi haƙuri na ce na riga na miƙa. Gaskiyar magana, da na so da na iya janyewa, shi ma ya san haka. Aka kori yarinyar tana shekarar ƙarshe. Tun daga ranar, in mun haɗu a lungu sai dai sallama a taƙaice, kowa ya wuce.

Kafin azahar labari ya gama kwaleji. Abokan aikin da suka san tarihin suka riƙa kallona kamar mai jinya. Wani ya ja ni gefe ya ba ni shawarar in ajiye aiki da kaina tun kafin a kore ni, don kada takardar kora ta ɓata mini suna. A gida kuwa matata ta lura tuwon da take zuba mini yana komawa kusan yadda ya zo. Ta ce in bi jama'a in je in yi wa Alhaji murna, ai maƙwabtaka ce, kuma duk unguwa an je. Na ce in na je zai ɗauka roƙo na zo, in ban je ba zai ce girman kai ne.

Na dai je. Bayan la'asar na sa babbar riga na bi lungunan har ƙofar gidansa. Motoci sun cushe hanya, takalma jibge a bakin zaure, ana ta shiga da fita. Ina jin muryoyi daga ciki, wannan yana neman wa ɗansa gurbin karatu, wancan aiki. Na tsaya gindin katanga kusan rabin awa. Daga ƙarshe na juya gida, na ce wa matata ban same shi ba. Wannan ƙaryar har yau tana ba ni kunya.

Sauran kwanakin na yi su ne ina shirya wa kora. Na kwashe littattafaina daga ofis kaɗan-kaɗan don kada a lura. Na je wata makaranta mai zaman kanta wajen Wusasa na tambaya ko suna neman malami. In na shiga aji, sai in tsinci kaina na tsaya tsakiyar bayani, alli a hannu, na manta inda nake.

Ranar zaman, tun ƙarfe tara nake kan benci a barandar ɗakin taro, ba a kira ni ba sai bayan azahar. Na shiga na tarar da su jere a dogon tebur, Alhaji a tsakiya, fayil ɗina a gabansa. Rajistara ya karanto sunana da laifina. Alhaji ya cire tabarau, ya dube ni, sannan ya dubi sauran.

"Kafin a fara," in ji shi, "akwai abin da ya taɓa shiga tsakanina da Malamin nan, a kan 'yata. Ba daidai ba ne in zauna a kan shari'arsa."

Ya tura fayil ɗin gaban wata Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta da ke cikin majalisar, ya ce ta jagoranci zaman. Ya gyara rigarsa ya fita, aka rufe ƙofa.

Ba a yi mini sauƙi ba. Hajiyar ta tambaye ni ko na kulle ofis ranar da takardun suka ɓace. Na ce ban kulle ba, na fita sallah ne da niyyar dawowa nan da nan. Ta tambayi me ya sa na yi kwana biyu ban sanar ba, na ce tsoro ne. Aka yanke mini gargaɗi a rubuce, aka jinkirta ƙarin girmana da shekara guda. Na cancanci hakan, kuma aikina ya tsira.

Da na fito, Alhaji yana zaune a kan bencin da na wuni a kai, yana jan carbi. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, na gode."

"Kada ka gode mini, Malam," ya ce, bai ko ɗago sosai ba. "Har yanzu ban huce ba. Shi ya sa na fito."

Ba mu zama aminai ba bayan haka. Ya gama wa'adinsa, gwamnati ta naɗa wasu, gaisuwarmu ta ci gaba da zama gajera. Amma na yi makonni uku ina yanke wa mutumin nan hukunci a zuciyata, ina da tabbacin zai rama, alhali shi yana neman hanyar da fushinsa ba zai taɓa ni ba. Abin da na koya shi ne, mutum yana iya jin haushinka kuma ya ƙi zaluntarka. Daga lokacin, duk sa'ad da takardar ɗalibin da ya ɓata mini rai ta zo hannuna, nakan miƙa wa wani malami ya duba.