Jar Dawar Mma Hasanatu

Duk wanda ya zauna a Dungu ya san Mma Hasanatu. In bai sha kokonta ba, ya sha faɗanta. Ni maƙwabciyarta ce, na sha duka biyun.

Da jar dawa take dama kokon, irin da ta gada wurin uwarta, mai son doguwar damina, wanda ba a samu a kasuwa. Kowace kaka takan zaɓi zangarniya masu kyau ta rataye saman murhu, hayaƙi ya kore mata ƙwari. Rabi take shukawa ta ɓoye rabi, don ruwan farko maƙaryaci ne.

Shekarun nan ƙaryar tasa ta yi yawa. Sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya, a yi shuka, ya ɗauke har tsiro ya ƙone.

Ɗanta Sidiki, mai tuƙa keken haya, ya ji bayani a rediyo ya kawo mata. Wai can ƙarshen duniya akwai tekun da farar ƙanƙara ta rufe, tana mayar da zafin rana sama. Yanzu tana narkewa, baƙin ruwan yana shanye zafin, duniya na ƙara ɗumi, iskar da ke kawo hadari ta rikice.

Ta ce, "To ni me na yi wa ƙanƙara? Ko firiji ba ni da shi."

Bana ta shuka rabi, ya ƙone. Da aka sake yin ruwa mai nauyi, kwaɗi suka cika unguwa da kuka, ta sauko da sauran. Sidiki ya ce, "Mma, ki rage ko ƙwarya ɗaya mana." Ta ce dawar nan in aka makara ba ta nuna. Gaskiya ta faɗa, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Ta shuke shi duka. Ruwan ya sake ɗaukewa.

Na raka ta gidajen da ta taɓa ba iri, har unguwar Nyohini, ko za ta samu a wurinsu. Wasu sun koma masara mai saurin nuna, wasu nasu ya ƙone tare da nata. Wata tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce bara ta niƙa wa jikoki nata.

A hanya ta zauna gindin wani mangwaro, ta cire takalmi.

"Uwata ta kwana da yunwa, irin nan na rataye a kanta, ba ta taɓa shi ba," in ji ta. "Ni ma ban ci ba, ban sayar ba. A ƙasa na zuba shi, yadda ta koya mini."