Ruwan Takardun Yaya

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo, lokacin da kowane malamin makaranta a Ƙanƙara ya sayi babur, har akuyoyi suka koyi duba hanya kafin su tsallaka, gwamnati ta tura yayana ƙasar Turawa karatu. Ni kuwa ina tuƙa motar hatsi tsakanin 'Yankara da Sabuwa.

Abin da ya je karanta shi ne wutar da ke cikin zuciya. Wai kowane bugu sai wata 'yar wuta ta tada shi, kamar batir da mota. Yana soka siraran wayoyi a zuciyar kare da jijiyar kwaɗo, inji yana zana bugun a takarda. Abin da ya gano sai a buga a mujallar masana, ya aiko mana. Na sha faɗa a tasha cewa Turawa ba sa karya kumallo sai sun karanta yayana. Gaskiyar ciki kaɗan ce: wasu masu bincike sun ɗora aikinsu kan nasa, sun ambace shi. Inna tana ajiye takardun a kwalla, ƙarƙashin zannuwanta.

Sai zuciyar Baba ta fara tsallake bugu. Yana tsaye a gona sai ya zube, kafin a kawo ruwa ya tashi yana tambayar wa ya kada shi. Likita ya ce akwai ɗan batir da ake dasawa a ƙirji, amma ba a nan ƙasar ba. Na rubuta wa Yaya. Ya amsa cewa kan abin ma yake aiki, zai zo bayan kaka ya tafi da Baba.

Inna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, "Takardun da wancan ke aikowa, ba na zuciya ba ne?"

Na ce, "Na zuciya ne, Inna."

"To mi muke jira? Malamin 'Yargoje ya hi shi sanin zuciya ne, da ake wanke allonsa a sha?"

"Inna, rubutun Nasara ne fa. Sai dai Baba ya tashi da Turanci."

Baba daga kan tabarma ya ce, "In na tashi da shi kai zan fara zagi, ja'iri."

Ta yagi shafi ta jiƙa a ƙwarya. Tawadar ta ƙi fita, ba irin ta allo ba ce. Sai ta kirɓa takardar a turmi, ta tace. Kullum da safe Baba ya sha, ya yamutse fuska, ya ce ilmin ɗansa ba gishiri. Ni nake zaɓo mata shafi, wanda ya fi cika da rubutu. Ban hana ba. Ban kuma gaya wa Yaya ba.

Ana yankan gero Baba ya zube a bakin gona. Muka tsaya a kansa kamar kullum. Na ma shirya amsa, in ya tambayi wa ya kada shi in ce Sarauniyar Ingila ce. Muka yi ta jira. Bai tambaya ba.

Yaya ya zo bayan kaka, kamar yadda ya ce. Inna ta juya masa baya saboda kunya, ta turo masa kwallar. Shafi ɗaya ya rage, wanda ba rubutu, sai layi mai hawa da sauka. Ta ce, "Wannan ne kaɗai bai sha ba. Ban san ko shi ne maganin ba."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Bugun zuciyar kare ne, Inna."

Na tsaya in ji ko dariya za ta zo mini. Da na ga shiru, sai na fita duba iskar tayoyi.